Tsohon da ke Cikin Madubi

Abin da ya fara ba ni tsoro a ƙasar Gana itatuwa ne. Ni mutumin Kebbe ne, inda za ka tsaya a bakin gari da la'asar ka hango saniyarka tun tana kamar ƙuda a can nesa. Amma tun da motarmu ta bar Tamale ta gangara kudu sai sama ta yi ta tsukewa, har ta koma 'yar tsaga a bisa hanya. Na ga itacen da na ɗaga kai neman ƙarshensa har hulata ta faɗi. Lokacin salla ya yi ban san inda gabas take ba. Na ce a raina, Allah mai iko, ashe ƙasar da nake takawa tun ina yaro gefen tabarma ce kawai.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. A shekarar da aka sami mulkin kai ciwon huhu ya shiga garkena, bai bar mini ko maraƙi ba. Uwar yarana ta kwashi 'ya'yanmu ta koma gidan mahaifinta, Baffa Jauro, suna cin geronsa. Tsohon bai taɓa ce mini uffan a kan haka ba. Da ma magana ba ta da yawa tsakaninmu. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa duban fuskarsa ba, haka aka rene mu. In muka yi kiciɓis a hanya sai in ratse, in tuɓe takalmi, in durƙusa, idona a ƙasa. Na san ƙafafunsa, na san muryarsa, na san sandarsa mai zoben tagulla a kai. Iyakar sanina da shi ke nan. Na ƙudura ba zan sake durƙusawa a gabansa ba sai ina da sana'ar da zan ɗauke iyalina daga kan rumbunsa.

A tashar Kumasi wani mutum mai farar riga ya ji ina tambayar hanyar zango, unguwar Hausawa, ya matso da fara'a.

"Kai, wanga harshe na gida na! Daga ina?"

Na ce, "Daga Kebbe, gaba da Tambuwal."

"Allahu akbar! Ai kakata 'yar Jabo ta. Kawo kayanka, ɗan'uwa, ba ka kwana waje ina raye."

Ya karɓi gwadona da butata da jakata, ya ce in jira shi a bakin famfo ya je ya buɗe ɗaki. A nan na yi azahar, a nan na yi la'asar. Wata mata mai sayar da dokunu tana ta kallona. Ba ta jin Hausa, ni ba na jin nata yaren, amma ta tafa hannu ta buɗe su ta girgiza kai, na gane abin da take nufi. Ta warware mini dokunu ɗaya daga ganyensa, ta ɗora kifi da barkono. Tuwon masara ne mai ɗan tsami, tsamin nan ya tuna mini da nonon gida, hawaye suka zubo. Ita ta zaci barkono ne, ta yi ta dariya tana miƙo mini ruwa. Na kwana a masallacin tasha. Da safe ita ce ta ja hannun rigata ta kai ni gaban wata mota da ke kwasar leburori.

Masu awon hanya ne, za su fitar da sabon titi ta cikin kurmi har bakin teku. Aka ba ni adda. Aikinmu mu riga kowa zuwa mu share filin da za a yi zango, in an gama awon wurin a tashi a ƙara gaba. Ranar farko muna gama shara na ji ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafata. Na juya, sai ga gida yana tafe.

Gida ne sukutum, da ƙofa da tagogi da labule, ya fi zauren hakimi tsawo, yana bisa tayoyi, wata ƙatuwar mota tana jansa. A ciki injiniyoyi suke kwana, akwai gadaje da tebur da famfo, har da akwatin da ke sanyaya ruwa. Mu ma gidanmu yana tafiya, amma a bayan takarkari, tabarmi ne da ƙirare da ƙorai. Ban taɓa tsammanin ɗan Adam zai ɗaura wa soro igiya ya ja shi ba.

Amma ba zuwansa ne ya fi ɗaure mini kai ba, shigarsa ce. Filin da muka share matsattse ne, gonar koko ta wannan gefe, kwazazzabo ta wancan, ba wurin juyawa. Direban ya wuce bakin filin, ya tsaya, sannan ya fara dawowa da baya. Gidan ya lanƙwasa a hankali kamar maciji mai shiga rami da wutsiya, ya zauna daidai tsakiya, ko ganye ɗaya bai faɗi ba. Direban, wani gajeren tsoho mai sanƙo, ya diro daga motar, ya tarar da ni tsaye da adda a hannu.

Ya ce, "Kai, rufe baki, ƙuda zai shiga."

Shi ne Masta Kwabina, tsohon soja, a bariki ya koyi Hausa. Tun daga ranar na manne masa. In na gama sara sai in wanke masa mota, in ɗauki weji, katakon tokare taya, in bi shi. Leburori suka yi ta yi mini ba'a, wai ga mai gemu ya zama karen mota, suka sa mini suna Baban Shanu. Ban damu ba. Wanda ya yi wuni yana jiran saniya ta haihu, ba'a ba ta gajiyar da shi.

Wata rana Masta ya raba kan motar da tirelar, wato gidan, ya nuna mini wani ƙaton farantin ƙarfe a bayan kan, baƙi wuluk da giris, da tsaga a tsakiya. Ya nuna mini wani guntun turken ƙarfe a ƙarƙashin gaban tirelar, bai wuce kaurin damtsena ba.

"Ka ga wannan? Duk gidan nan a kansa yake juyawa. Ka ba shi giris kamar yadda kake ba matarka nama, in ba haka ba zai yi maka yaji a tsakiyar hanya."

Ya hau, ya dawo da kan a hankali, turken ya shige tsagar, na ji ƙwas. Na daɗe ina kallon wurin. Abu mai nauyin garke guda, a rataye a ɗan ƙarfen da zan iya rufewa da tafin hannu biyu.

Ya fara koya mini tuƙi a ƙaramar motar kaya, sannan kan shi kaɗai, sannan da gidan a baya. Damina ta wuce, wata ta zo. Tafiya gaba ba ta ba ni wuya ba. Da muka zo kan ribas ya ce, "In kana son gindi ya tafi dama, kai ya fara zuwa hagu. In gindi ya kama hanya, sai ka bi shi. Kaɗan-kaɗan, kamar kana sa gishiri a miya." Wannan ma na gane shi da wuri, domin duk wanda ya taɓa jan bijimi da igiyar hanci ya san in kai ya yi nan, gindi can yake yi. A filin ƙwallon wani ƙauye ya jera mini gangunan mai, ya tafi shan inuwa. Ni kaɗai na yi ta shiga tsakaninsu har na daina taɓa ko ɗaya.

Sai dai a zango na gaske ba a shiga sai da mai nuni. Mutum zai tsaya a can ƙarshen tirela, inda direba zai gan shi a madubi, yana yi masa alama da hannu, domin ƙarar inji ba ta barin a ji murya. Masta ne yake tsaya mini. Ni kuwa da zarar na kai ido madubi na ga fuskarsa, sai idona ya faɗi ƙasa da kansa. Ba ni nake sa shi ba. Dattijo ne, malamina ne, ya girme ni nesa. Kafin in sake ɗagowa gindin ya riga ya kauce. Sai ya yi ta ihu, in sauko, shi ya hau ya gyara.

Gwiwarsa ta fara ba shi wahala wajen taka kuloci. Babban injiniya ya ce in ba a sami wanda zai karɓe shi a cikinmu ba, za a kawo direba daga Ankara, babban birnin ƙasar. Masta ya ce yana da mutum. Aka ce to, a gani a zango na gaba.

Zangon yana bakin wani rafi, mashigarsa tana bin gefen gonar koko. Kowa ya tsaya kallo. Na sa ribas, na fara daidai. Na dubi madubi, ga Masta yana kallona ido cikin ido. Na sunkuyar da kai. Abin da na ji ke nan, ƙarar itace yana tsagewa. Tirelar ta naɗe ta kusa haɗa baki da kan motar, ta kwantar da wata bishiyar koko mai 'ya'ya jajaye tun daga gindi har sama. Mai gonar, wata tsohuwa, ta sheƙo ta faɗa kan bishiyar ta rungume ta tana kuka. Ban ji kalma ɗaya daga abin da take faɗa ba, amma na san kukan. Irinsa na yi a kan saniyata ta ƙarshe.

Aka sasanta da ita, aka mai da ni kan adda. Kwanakin nan su ne mafi nauyi a tafiyata. Ruwa ba ya tsayawa, rigata ba ta bushewa, ƙafata ta yi ta ruɓewa tsakanin yatsu. In na rufe ido sai in ga kasuwar Tambuwal da rana tsaka, da matan da ke dama fura a gindin bango, da 'ya'yana suna miƙa hannu a akushin da ba nawa ba.

Ina wasa adda da hantsi Masta ya zo ya zauna a kan kututture kusa da ni, yana murza gwiwa.

"Baban Shanu, me na yi maka?"

"Ba komai, Masta."

"To me ya sa ka tsani fuskata? Na san ba ni da kyau, matata ma ta faɗa, amma ita tana dubana. Na ɗaga hannu, na yi tsalle da wannan ruɓaɓɓiyar gwiwa, na jefa hula, kai kana duba ƙafarka. Akwai hanya a ƙafarka?"

Na ce, "Masta, wurinmu yaro ba shi duban babba cikin ido. Wanda duk yay yi haka, ba a ce an rene shi." Na ba shi labarin Baffa Jauro, na ce ko a kasuwa aka jera mini tsofaffi, sai ta ƙafa zan gane shi.

Ya dube ni. Sannan ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi.

"Mu ma muna da wannan a garinmu. Saja ne ya cire mini da mari. Tashi."

Ya kai ni motar, ya sa na hau ba tare da tayar da inji ba. Ya ɗingisa har ƙarshen tirela, ya ɗaga murya.

"Ina nake?"

"Kana baya, Masta."

"Wanda ke cikin madubi fa, yaya girmansa?"

Na saci kallo. Na ce, "Bai kai babban yatsana ba."

"To wannan ɗan mitsitsin ne ya girme ka? Ni ina bayanka, ka ba ni ƙeya, ladabi ya ƙare tun tuni. Wancan na madubi yaronka ne, aikinsa ya tsare maka gindi. Ka dube shi. In ya ɓace, taka birki, ko Gwamna ne ya ce ka tafi."

Na tuna sau nawa na ga inuwar manya a cikin ruwa wajen shayar da shanu, ba wanda ya kira wannan rashin kunya. Na ɗaga ido, na bar shi a can.

Ya roƙi babban injiniya a ƙara ba ni dama ɗaya. Zango na gaba ya fi wancan matsi, tsakanin wani dutse da jerin ayaba. Na yi bisimilla, na sa ribas, na kafa ido a kan ɗan ƙaramin mutumin. A ranar na ga abin da na daɗe ina asara. Ashe fuskarsa tana riga hannunsa magana. Gira za ta ɗaga tun kafin gindi ya kauce, baki zai karkace zuwa inda yake so in bi, jikinsa duka yana lanƙwasawa tare da gidan kamar uwa mai bin ɗanta da ya fara tatata. Na bi shi. Da kwanar ta ƙi, ya yi mini alama in ja gaba in miƙe, na ja, na sake dawowa. Gidan nan mai tagogi da labule ya bi umarnin tafin hannuna, ya shiga, ya zauna. Na sauko, na dafa jikinsa kamar yadda nake dafa wuyan bijimi.

Masta ya fasa goro ya miƙo mini ɓari. Ya ce, "Ba laifi."

Yanzu da nake zuwa ajin yaƙi da jahilci, malaminmu yana mamakin yadda ba na gajiya da goge allo in sake rubutu. Ban gaya masa ba, a wannan zangon na koyi cewa jan gaba a sake dawowa ba abin kunya ba ne.

Ni na ja gidan har ƙarshen titin. Wata safiya itatuwa suka buɗe, sai ga ruwa ba gaɓa ta biyu, yana tasowa yana faɗuwa ba wanda ke tura shi. Na kashe mota na yi ta tasbihi. A nan aikin ya ƙare. Masta ya raka ni tasha yana ɗingishi, ya ce, "In ka je, ka gaida tsohon nan da ba ka taɓa gani ba."

A Sakkwato masu haƙar rijiyoyi na Jihar Arewa suka ɗauke ni, suna da tirela mai ɗauke da injin haƙa da ɗakin ma'aikata, masu iya mai da ita baya kuwa ba su da yawa. Allah ya sa aikin farko da aka tura mu ƙasar Kebbe ne. Yaron motata zazzaɓi ya kwantar da shi a Tambuwal, na bar shi wurin 'yan'uwansa. Muka yi ta fama da yashi har muka isa, labari ya riga mu. Gari duka ya fito.

Wurin da aka ba mu mu sauka yana bayan gidan Baffa Jauro. Mashigarsa ɗaya ce, tsamiya ta dama, jerin rumbunansa ta hagu. Kaka ce, an gama ɗaura, rumbunan cike suke har wuya. Geron da 'ya'yana suke ci ke nan. A lokacin direba a dama yake zama, hagu kuwa shi ne gefen da ido ba ya kaiwa sosai. Na sauko na taka wurin da ƙafa, na koma na hau. Ina sa ribas jama'a suka ɗauki ihu.

"Taho, taho!"

"Tsaya, za ka kashe mu!"

"Dama, Umaru! A'a, hagu!"

Na taka birki. Kowa yana nuni, ba wanda zan bi. Can sai na ji hayaniyar tana mutuwa. Na dubi madubi. Mutane sun dare, ga wata sanda an ɗaga sama a ƙarshen tirela, zoben tagulla yana ƙyalli a kanta.

Mutumin da ya yi rayuwarsa yana ratsa garke ta burtali tsakanin gonaki, ƙaho bai taɓa karan kowa ba, shi ne ya zo ya tsaya mini. Idona ya fara faɗuwa ƙasa. Na ce wa kaina, bai kai babban yatsana ba. Na ɗaga.

Siririn tsoho ne mai dogon hanci da ɗan farin gemu. Goshinsa da idanunsa, da yadda yake cije leɓen ƙasa, duk na san su. Fuskar ɗana na fari ce, an ɗora mata shekaru. Duk tsawon zamana da yaron ina neman wanda ya ɗauko, ashe ga shi nan. Shi ma ni yake kallo ta cikin madubin, bai kau da kai ba.

Ya karkata sandar, na karkata sitiyari. Ya sassauta, na sassauta. Na ga bakinsa yana motsi, na gane irin kiran da ake yi wa saniya mai tsoron mashigi yake yi wa tirelar. Muna cikin haka ya ɓace daga madubi. Na taka birki nan take. Jim kaɗan ya dawo, ya nuna mini da hannu, tsakanin kusurwar tirela da jinkar rumbu bai fi taƙi ɗaya ba. Ya yi alama in ja gaba. Na ja, na miƙe, na dawo. Girarsa ta sauka. Ya yi ta ja da baya yana kirana da sandar, rumbunan suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, har ya kafa ta a ƙasa.

Na kashe inji. Na sauko, na tuɓe takalmi, na durƙusa, idona a ƙasa. Ga ƙafafun nan da na sani, sun ƙara tsagewa. Na gaishe shi, ya amsa kamar jiya muka rabu. Sannan ya juya ga ƙanensa da ke tsaye kusa, kamar ba na wurin.

"Wanga bijimi nai ya fi nawa duka girma, kuma shina jin maganatai. A gaya ma ɗiyar nan ta wanke ƙoranta, gidan mijinta za ta."

Ya juya zai tafi. Sai na ga gindin sandar ya tsaya dab da gwiwata. Ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Ashe furfura ta kama ka, Umaru."

Ban ɗaga kai ba. Har Allah ya karɓi ransa ban sake duban fuskarsa ba. In na so ganinta, sai in kira ɗana ya kawo mini ruwa.